AKORI-KURA DA TARIHIN SAUYIN INJI A FADAMAR HAƊEJA

Gabatarwa

Mu da muka yi wayo a Kirikasamma cikin shekarun 1980 zuwa 1990, babu motar da muka sani kamar akori-kura ƙirar Peugeot, wadda bakin mutanenmu ya mayar Fijo. Ita ke kai buhunan shinkafa da tattasai kasuwar Haɗeja, ita ke ɗauko kwandunan bandar kifi daga ƙauyukan bakin ruwa, ita ke kai amarya ɗakinta, kuma idan naƙuda ta gardama cikin dare, ƙofar mai ita ake zuwa a buga. Sai dai akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, wato a cikin waɗannan motoci da wuya ka sami wadda ta tsufa da injin da ta zo duniya da shi. Bodi na wata shekara ne, inji na wata shekara, wani lokaci ma na wata ƙasa daban.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda masu akori-kura a yankinmu suka riƙa zaɓen inji duk lokacin da nasu ya buga. Wanda ya bi wannan sawu zai tarar cewa kowane zamani da irin zaɓin da ya ba mutanenmu, kuma darajar Naira da farashin mai da halin da kogin Haɗeja ya shiga duk suna da hannu a ciki.

Kafin Zuwan Akori-kura

Sunan motar kansa tarihi ne. Kura ita ce amalanken nan da 'yan dako ke turawa da hannu a birane irin su Kano. Da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta zo ta karɓe musu aiki, sai aka laƙaba mata a-kori-kura. A wajenmu kuwa ba kura ta kora ba, jaki da takarkari da raƙumi ta rage wa wahala. Kwalekwale ne kawai ya gagare ta, domin idan ruwa ya cika fadama a watannin Agusta da Satumba, dole mota ta jira.

Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, bai bi ta Haɗeja ba, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa ne. Waɗannan tashoshi ake kai gyaɗa, da farko a bayan dabbobi, daga baya a manyan motoci. Amma farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun karya wannan ciniki, sai hankalin manoma ya ƙara komawa ga fadama. Kayan fadama kuwa ba irin gyaɗa ba ne da za a tara a jira jirgi. Tumatir da ɗanyen tattasai da ɗanyen kifi ba su san gobe ba, kuma ana tsince su ne kaɗan-kaɗan daga gonaki a warwatse, tun daga Madaci da Marma har Turabu da Baturiya, a kan hanyoyin yashi da laka waɗanda babbar mota ba ta shiga. Wannan gurbi ne akori-kura ta zo ta cike.

Zamanin Kwali

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da mota ƙirar 404 a 1960, sannan ya fito da akori-kurarta a 1967, mai ɗaukar kaya kimanin tan ɗaya. Tun kafin ta cika shekara goma 404 ta yi suna wajen jure mummunar hanya, domin ita ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. A Nijeriya kamfanin SCOA ne ya riƙa haɗa akori-kurar a Legas. Daga baya aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya, wato PAN, a watan Disamba na 1972, kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna a watan Maris na 1975. Abin da zai ba matasan yanzu mamaki shi ne, shekaru da dama a jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Liyon na Faransa a sauke a filin jirgin Kano, sannan a kai su Kaduna. A 1981 motocin da masana'antar ta haɗa sun kusa 60,000.

Injin 404 mai silinda huɗu ne, girmansa lita 1.6, kuma a kishingiɗe yake a gefe guda cikin motar. Babban sirrinsa shi ne bututun da fistin ke kai-kawo a ciki, wanda makanikai ke kira silib, ana iya zare shi a sa sabo. Ma'ana, idan inji ya gaji ba sai an kai shi wajen masu injin sassaƙar ƙarfe a birni ba. Bakanike mai hankali zai iya sauke shi a gindin bishiya, ya canza silib da fistin da ringi da metal, ya ɗaure, inji ya koma kamar sabo.

Saboda haka a wancan zamani tambayar wane inji za a sa ba ta cika tasowa ba. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya da rabi, kayan gyara kuwa sababbi ne fil a cikin kwalinsu. Wanda injinsa ya buga sai ya gyara, wanda ya fi ƙarfin gyara sai ya sayar ya sayi sabuwa. Tsofaffin direbobi da wannan ma'auni suke auna duk abin da ya biyo baya.

SAP da Zuwan Beljiyam

A watan Yuli na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin yi wa tattalin arziki garambawul, wanda aka fi sani da SAP, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka fara gwanjon kuɗaɗen waje. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a 1985 ta koma kimanin Naira 4 a 1987, ta kuma kai wajen Naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Tunda yawancin sassan motocin Kaduna da Legas daga waje ake sayo su, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye, kayan kwali ma suka zama sai wane da wane.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, a daidai wannan lokaci ne aiki ya yi wa akori-kura yawa. An hana shigo da shinkafa a 1985, an hana shigo da alkama a 1987, ga kuma hukumar KNARDA ta Jihar Kano, wadda muke ƙarƙashinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, tana sayar wa manoma ƙananan injunan ban ruwa da rangwame. Noman rani ya bunƙasa, kaya suka yi yawa, amma babu sababbin motocin da za su ɗauka. Motar da aka yi don tan ɗaya sai ga ta da lodi har sama da rufin direba, ga mutane a kan lodin.

Hanyar ma ta sake hali. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992, sun canza yadda ruwa ke zuwa mana. Maimakon ya zo da damina ya janye da rani, sai ya zama ana sako shi har cikin rani, ciyawar kachalla ta sami wurin zama ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya a inda da ƙasa ce busasshiya. Laka ta toshe lagireto, lodi ya yi yawa, giya ɗaya da giya biyu ake ta ja cikin zafin Afrilu. Kan injin Peugeot kuwa na alminiyam ne, idan ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe, gasket ta ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Nan injuna suka fara bugawa ɗaya bayan ɗaya.

Kamar yadda masu iya magana kan ce, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Tun a shekarun 1970 da 1980 akwai samarin Turawa da ke tuƙo tsofaffin Peugeot su ƙetare Sahara ta Tamanrasset da Agadas su sayar a Nijar, har zuwa farkon shekarun 1990 da rashin tsaro ya rufe wannan hanya. Sai ciniki ya koma teku gaba ɗaya. Daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam ake lodin tsofaffin motoci zuwa Kwatano a Jamhuriyar Benin, wasu su bi ta Nijar su shigo ta wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni. Daga nan aka sami sunayen Beljiyam da ɗan Kwatano, Yarabawa kuma suka ce tokumbo. Tare da motocin akwai injunan da aka cire daga waɗanda aka yi watsi da su a Turai, suna sauka a kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano.

Hanyoyi Huɗu

A wannan zamani na biyu, mai akori-kurar da injinsa ya buga yana da hanyoyi huɗu a gabansa.

Ta farko ita ce ya gyara nasa na asali. Wannan ita ce mafi sauƙin kuɗi idan karanshaf bai ci ba kuma bulok bai tsage ba. Matsalarta ita ce kasuwa ta cika da kayan jabu masu kwalin asali, kuma ringin jabu ba ya kai damina biyu.

Ta biyu ita ce ya sa injin 504, mai lita 1.8 ko lita 2.0. An fito da 504 a 1968, akori-kurarta kuma a 1979, kuma injinta ɗan gida ɗaya ne da na 404, kishingiɗarsu iri ɗaya. Don haka yana zama ba tare da doguwar walda ba, ga ƙarin ƙarfin ja, ga shi duk bakaniken da ya san wancan ya san wannan. Sai dai mai lita 2.0 ya fi shan mai, kuma yana rudar direba ya ƙara lodi da gudu, alhali birki da sifirin na da ne.

Ta uku ita ce injin gas, wato dizal, ƙirar Indenor da Peugeot ɗin kansa ke yi. Ba ya shan mai da yawa, yana da ja a cikin yashi, kuma ba shi da fulogi da distirbuta da ruwa zai jiƙa a mashigi. Amma ya fi nauyi, yana son batir mai ƙarfi, kuma famfon mansa da nozul ba aikin kowane bakanike ba ne, sai gwani mai na'urar gwaji.

Ta huɗu ita ce injin Japan, na Toyota ko Nissan. Waɗannan injuna ne masu ƙarko, amma a miƙe suke, ba a kishingiɗe ba. Kafin su zauna sai an yanke mazaunin inji an sake walda, galibi sai an haɗa da giyabos ɗinsu, a yanke farfela a daidaita tsawonta, a sake hanyar salansa. Idan mai walda ya kuskure ko da kaɗan, motar za ta riƙa rawa tana cin kuros har ranar da za a gaji da ita.

Injin Kawu

A nan zan roƙi mai karatu ya yi mini uzuri in kawo abin da na gani da idona. Ina ajin farko na ƙaramar sakandare, a ranin da ya biyo bayan ƙarin kuɗin mai na watan Oktoba 1994, lokacin da litar fetur ta tashi daga Naira 3 da kwabo 25 ta koma Naira 11, injin akori-kurar kawuna ya buga a kan hanyar dawowa daga gona, tattasai na tsakiyar nuna. Da wannan mota ake ciyar da gidaje uku, har da namu, kuma daga cikinta kuɗin makarantata ke fitowa. Da aka sauke injin sai aka tarar karanshaf ya ci, bulok kuma ya tsage. Hanya ta farko ta rufe ke nan.

Kwana uku ana shawara a zaure. Wani abokin sana'arsa, wanda bai daɗe da sa injin gas a tasa motar ba, ya yi ta zuga shi da cewa ai zamanin fetur ya wuce, ga gas ya fi araha, ga shi tanki ɗaya sai ya kai Kano ya dawo. Maganarsa kuwa gaskiya ce a lissafin wannan rana. Kawu bai ce masa komai ba, sai ya aike ni in kira tsohon bakaniken da ke duba masa mota tun tana sabuwa a hannunsa. Da ya zo suka gaisa, Kawu ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. In na sa injin gas ya tsaya mini a bakin Marma da tsakar dare, za ka iya tashinsa?"

Tsohon ya ce, "Alhaji, in iska ce ta shiga mai, zan fitar. In famfo ne, sai dai a kwance a kai Kano."

"In na 504 ne fa?"

"Wannan ko da fitilar ƙwai na gyara maka shi."

Kawu ya sayar da bijiman huɗarsa guda biyu, abin da ya sa iyalinsa kuka, ya ɗauki bakaniken suka tafi Ƙofar Ruwa, ni kuma aka tafi da ni riƙon jaka. A can na ga yadda ake zaɓen inji. Tsohon bai dubi wanda aka wanke yana ƙyalli ba, ya ce wanki na ɓoye yoyo. Ya buɗe murfin baƙin mai ya shafa da yatsa, yana neman farin kumfa mai nuna ruwa ya shiga. Ya kwance fulogai huɗun ya jera su a tafin hannu don ya ga ko launinsu ɗaya. Ya sa sifana ya juya karanshaf yana jin nauyin kowace silinda. Sannan ya ce a tayar da shi a ƙasa, ya tsaya yana kallon hayaƙi, ya kuma koya mini cewa shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri ruwa ne, baƙi kuwa kafireto ne kawai, abin gyara. Sai a inji na biyar ya gyaɗa kai, mai lita 1.8. Ya hana Kawu ɗaukar mai lita 2.0, ya ce, "Alhaji, birkinka bai san da shi ba." Kafin a biya kuɗi sai da Kawu ya sa ni na karanta lambar injin da ƙarfi, aka rubuta ta a rasit, daga baya ya je ya sa aka gyara takardun motar, domin inji mai lambar da ba ta cikin takarda fitina ce a kowane shingen hanya.

Cikin mako guda mota ta koma gona, aka tsira da fiye da rabin tattasan. Abokin nasa kuwa ya ci ribar gas na ɗan lokaci, har ranar da gurɓataccen man bumburutu ya lalata masa famfo ana tsakiyar girbin shinkafa. Motarsa ta yi wata guda a kan duwatsu ana kai-kawo tsakanin gida da birni, lodin da ya saba ɗauka kuwa wasu suka ɗauke.

Abin da Ya Biyo Baya

Lokaci ya ƙara nuna cewa lissafin da aka gina a kan farashin mai na yau ba ya daɗewa. A 2003 gwamnati ta janye hannunta daga farashin gas, sai ya haura na fetur, har ta kai a 2022 litar gas ta ninka ta fetur fiye da sau uku. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, lissafi ya sake juyewa.

Haka nan kada mai karatu ya ɗauka cewa darasin shi ne injin Peugeot ya fi kowane inji. A 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna, a Turai kuwa an daɗe da dainawa, don haka injunanta masu lafiya suka yi ta ƙaranci, yayin da kayan Toyota suka cika kowace kasuwa, yaran gareji kuma suka tashi da saninsu. Hanya ta huɗu da ake gudu a 1994 sai ta zama ita ce ta hankali ga mutane da yawa. Ƙa'idar Kawu ba ta canza ba, amsarta ce ta canza. Ƙa'idar kuwa ita ce, injin da ya dace da kai shi ne wanda bakaniken garinku zai iya gyarawa, wanda kayansa ke kusa, wanda kuma birkinka da giyarka za su iya ɗauka. Masu tunanin mayar da motocinsu su koma aiki da iskar gas a wannan zamani, wannan tambaya ce ya kamata su fara yi: a ina zan sha, kuma wa zai gyara mini?

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, mun yi rubutu mai yawa a kan sarakunan Haɗeja, tun daga Buhari har zuwa Muhammadu da ya yi shahada a yaƙin Turawa na 1906, kuma hakan daidai ne. Amma direbobi da makanikai da 'yan kamashon da suka riƙe tattalin arzikin fadama a shekarun SAP ba su shiga littafi ba, ga shi kullum suna raguwa. Duk wanda ke neman abin rubutawa, ya ɗauki biro da littafi ya je tasha ko gareji, ya sami mafi tsufa a wurin ya tambaye shi injuna nawa ya sauke, daga ina suka zo, me aka sayar aka saye su. Zai dawo da tarihin da babu shi a kundin kowace ma'aikata.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, tsohon bakaniken ma ya riga shi. Bodin motar yana nan a bayan gida, kaji na ƙwai a inda direba ke zama. Takardunta kuwa suna hannuna, da lambar inji guda biyu, ɗaya an soke ta da jan biro, ɗaya kuma ita ce wadda na karanta da ƙarfi a Ƙofar Ruwa.